SAP2000 da lissafin girgizar shato a Maraɗi

Manhajar SAP2000, wadda injiniyoyi ke lissafin ƙarfin gini da ita, tana fitar da yanayin girgizar shaton ruwa (tankin ruwa da ke bisa dogon gini) cikin ƴan mintuna, kuma lissafinta tsaf yake. Matsalar tana wajen abin da injiniya ya ba ta. In an ɗauka gindin ginin a kafe yake, alhali ƙasar gefen Gulbi rairayi ce mai laushi, sai ginin ya fito da tauri fiye da gaskiya. Haka ma in an manta da tsagewar kankare.

Ruwan tanki sai an raba shi biyu kamar yadda injiniya George Housner na Amurka ya nuna a 1963: mai tafiya tare da bango, da mai tangaɗi a sama. Lafawar girgiza kashi 5 cikin 100 ga kankare, 0.5 ga ruwa mai tangaɗi.

Kafin a amince da sakamakon, a ɗora na'urar auna girgiza a saman shato minti 30, cike da kuma wayam, a gwada da lissafin.