Ajin jadawali ko karatu a lokacin da ka ga dama?

Wanda ya koma jami'a da iyali da aiki a wuyansa yana da zaɓi biyu. A ajin jadawali akwai malami da abokan karatu, amma in aiki ya riƙe ka, darasi ya wuce ka.

Kwas ɗin da kake tafiyar da shi da kanka ya fi dacewa da mai aikin dare ko mai jego: yara na kwanciya ka kunna kwamfuta, ka maimaita bidiyon darasi har ya zauna. Sai dai shi ma yana da wa'adi, galibi wata 6 zuwa 12, kuma ba mai tuna maka. Mai jan ƙafa gara ya nemi aji. Kafin ka biya kuɗin kwas ɗin da kake tafiyarwa da kanka, tambayi jami'arka ko za ta karɓi sakamakon.