Dragon Skin FX-Pro a hannun ɗalibin kwalliyar fim

Ɗalibin da ke koyon ƙera tabo, ƙuna ko hancin bogi domin 'yan wasan fim zai ji daɗin Dragon Skin FX-Pro, silikon (wani abu mai kama da roba) da kamfanin Smooth-On na jihar Pennsylvania a Amurka ke sarrafawa. Ruwa biyu ne, A da B, waɗanda ake haɗawa daidai wa daida, ana samun kusan minti 12 na zubawa a cikin mazubi, sannan ya daskare bayan kusan minti 40, abin da ke bai wa mai koyo damar maimaita gwaji a zama ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne taushinsa. Idan aka ƙara masa Slacker, wani sinadari mai ƙara wa silikon taushi, kumatun da aka ƙera yakan lanƙwasa tare da murmushin ɗan wasa, kuma launin Silc Pig yana shiga cikin jikinsa tun wurin haɗawa, wanda ke da muhimmanci ƙwarai ga mai neman dacewa da baƙar fata.

Sai dai yana buƙatar tsabta matuƙa, domin yumɓun da ke ɗauke da farar wuta ko safar hannu ta robar latex kan hana shi daskarewa, ya bar danƙo a saman aikin. Zafi ma yana rage lokacin zubawa. Kuɗinsa na da nauyi ga ɗalibi, saboda haka ina ba da shawarar a fara gogewa da jelatin, sannan a sayi ƙaramin kwalinsa na gwaji.