Makarantar tuƙi ko bin oga: ina mai son tuƙa tirela zai fara?

Matasa sun yi ta tambaya: makaranta za su shiga, ko yaron mota za su zama?

Ta fuskar kuɗi, makaranta biya ake yi, yaron mota kuwa har na abinci oga ke ba shi. Amma kwas na makonni ne, bin oga kan ci shekaru, wani ogan ma sitiyari sai a gareji yake sakar maka.

Wajen gwaninta, hanya ta fi. A nan za ka koyi ɗaure tamfol, zubar da ruwan da ke taruwa a tankin iskar birki kowace safiya, da saukowa gangare irin Hawan Kibo na hanyar Jos a ƙaramin giya, domin yawan taka birki yana zafafa shi har ya daina kamawa. Sai dai har munanan ɗabi'un oga za ka gada, kamar tuƙi cikin gyangyaɗi.

Lasisi fa? Sabon lasisi sai da takardar makarantar da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta amince da ita, da gwajin jami'an duba motoci na VIO. Lasisin tirela ajin G ne.

Mai neman aikin kamfani kuma yana da kuɗin kwas, makaranta ta fi masa. Wanda aljihunsa ba nauyi amma ya samu oga mai amana, ya fara bin mota, ya ƙarasa a makaranta.