Daren da jini ya ɓalle wa maiɗakina a Ingila

Yaya, wata uku ke nan da maiɗakina ta sauka a wani asibiti a birnin Mancesta, kuma har yau abin da na gani a daren bai bar zuciyata ba. Bayan mabiyiya ta faɗo sai jini ya ɓalle mata. Ungozomar ba ta tsaya kintace da ido ba, ta ɗora zannuwan da suka jiƙe a kan sikeli, da ta ga jinin ya haura lita ɗaya sai ta danna ƙararrawa, nan da nan ɗaki ya cika da likitoci. An yi mata allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke, an murza mahaifar, an sa wani balan-balan a ciki don ya danne wurin, amma jinin bai tsaya ba.

Na riga na sallama cewa sai an cire mahaifar, sai wata likita ta ce za su toshe jijiyoyin da ke zubar da jinin. Sun yi 'yar huda a matsematsinta, suka zura siririn bututu cikin jijiyar jini, suna bin tafiyarsa a allon hoto har ya isa jijiyoyi biyun da ke shayar da mahaifa, sannan suka tura ɓarɓashin wani soso na jelatin ya toshe su. Soson yana narkewa da kansa cikin 'yan makonni. Da aka fito da ita, filasta ɗaya ce kawai a jikinta, mahaifarta kuma tana nan.

Abin da ya sa ni kuka shi ne ledojin jini huɗu da aka ƙara mata ba tare da kowa ya ce in kawo mai bayarwa ko in ajiye kuɗi ba. Na tuna daren da muka yi ta buga ƙofofi a Anguwar Rogo da ke Jos muna neman wanda jininsa ya dace da na ƙanwarmu, Allah ya jiƙanta, muka dawo asibiti da asuba muka tarar an rufe ta da zane. A nan Ingila mutane na zuwa su ba da jini don wanda ba su sani ba, mu kuwa sai namu ya kwanta, bayan mun gama ɓata lokaci a gida ana cewa ai jinin haihuwa ne, zai tsaya.

Ba duka ne sai da na'ura ba. Binciken E-MOTIVE na 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranta a Najeriya, ya nuna cewa shimfiɗa ledar auna jini da haɗa magunguna a lokaci guda na rage mummunar zubar jini da kashi 60 cikin ɗari.

Ingila ma tana da nata ciwon. Ganin likitan unguwa sai a yi makonni ana jira, kuma mun yi jego mu biyu rak, babu Inna mai dama kunun kanwa, ranar suna mutum bakwai ne a falo, ina ta tuna sanyin Jos da hayaniyar gidanmu.

Na ji cikin matarka ya tsufa. Don Allah ka kai ta awo a duba yawan jininta, ka sa mutum biyu su je su ba da jini tun yanzu, kuma a asibiti za ta haihu.