Katin Bonegilla ko takardun Arolsen: daga ina za a fara?

Ɗan'uwanmu da ke karatu a Melbourne ya kawo tambaya. Maƙwabciyarsa ce, wata dattijuwa, take son bin sawun mahaifinta da ya zo Ostireliya daga sansanin 'yan gudun hijira a Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wani ya ce mata ta nemi katin Bonegilla, wani ya ce Arolsen. Wanne ya fi?

Malam, kowanne da abin da ya riƙe, amma ni da Bonegilla zan fara.

Bonegilla tsohon barikin soja ne a jihar Victoria, kusa da Wodonga. Daga 1947 zuwa 1971 mutum fiye da 300,000 suka sauka a can kafin a rarraba su wuraren aiki. Katunansu suna hannun hukumar adana takardun tarihi ta ƙasar Ostireliya, ana kuma iya lalubensu a shafinta na RecordSearch. Katin ɗan ƙarami ne: suna, ƙasa, ranar haihuwa, sunan jirgin ruwa, ranar isowa, ranar fita da inda aka tura mutum, sau da yawa har da ɗan hoto. Shi ke nan. Ma'aikacin gwamnati ne ya cika shi, kuma abin da ya dami gwamnati kawai ya rubuta, domin waɗanda aka kwaso daga sansanonin Turai sai da suka sa hannu za su yi aikin shekara biyu duk inda aka kai su. Shi ya sa likita ko malamin makaranta kan koma lebura a takarda, mace kuma 'yar aikin gida.

Arolsen kuwa rumbu ne guda. Yana garin Bad Arolsen a Jamus, da takardu kusan miliyan 30 a kan mutum wajen miliyan 17.5, wato waɗanda mulkin Nazi ya zalunta da 'yan gudun hijirar bayan yaƙin. Ƙungiyar Red Cross ta duniya ce ta kula da shi daga 1955 zuwa 2012, ba a kuma buɗe wa masu bincike ƙofa ba sai 2007. Abin da Baba za ta fi nema a can shi ne fom ɗin da ake kira CM/1, wanda hukumar IRO mai kula da 'yan gudun hijira ta riƙa ba masu neman agaji tun 1947. A ciki mutum zai zayyana garuruwan da ya zauna shekara da shekaru, aikin da ya yi a kowanne, karatunsa, harsunan da yake ji, iyalinsa, dalilin da ya hana shi komawa gida, da ƙasar da yake so a kai shi.

To a nan ne ake taka tsantsan. Mai cika wannan fom ya san amsarsa ce za ta kai shi gaba ko ta mayar da shi inda ya gudo. 'Yan Yukren da dama sun ce su 'yan Poland ne don kada a tisa ƙeyarsu zuwa Tarayyar Sobiyet. Wasu sun rage shekaru, tunda matasa majiya ƙarfi ake ɗauka (wannan kam ba sai an yi mana bayani ba). Ban ga laifinsu ba. Sai dai in Baba ta ga garin haihuwa ya saɓa da wanda aka gaya mata a gida, kada ta yi saurin cewa ba shi ba ne.

Dalilin da na ce a fara da Bonegilla shi ne sunan jirgi da ranar isowa. Waɗannan biyu ba wanda ya ƙaga su. Misali, in katin ya nuna jirgin General Stuart Heintzelman, to mutum yana cikin ayarin farko, 'yan Latbiya, Lituwaniya da Estoniya da suka iso a Nuwamban 1947. Da sunan jirgin za a nemo jerin fasinjoji, daga nan a koma baya zuwa sansanin Jamus, a ware mahaifinta daga masu suna irin nasa.

Ku gwada sunan ta kowace fuska. Yadda Muhammadu ke zama Mohammed ko Mamman a takardunmu, haka sunan ɗan Poland ke sauyawa tsakanin alƙalamin Bajamushe da na Baturen Ingila. In ba a same shi a shafin Arolsen ba, ta cika fom ɗin tambaya da ke shafin. Kyauta ne ga dangi, sai dai amsar kan ɗauki watanni.