Dutsen Uludag bayan dusar ƙanƙara: wuri ya yi, amma cunkoso fa sai haƙuri

Jama'a duk wanda ke Turkiyya yake son wasan zamiya kan ƙanƙara to Uludag da ke saman garin Bursa ya cancanci zuwa, tsayin dutsen mita 2,543 ne. Mun hau washegarin da aka kwana ana zuba dusar ƙanƙara, wallahi laushinta kamar garin fulawa, ko ka faɗi ba ka jin ciwo, rassan bishiyoyi duk sun sunkuya saboda nauyinta.

Matsalar ita ce kowa ma abin da yake jira kenan, mutanen Istanbul sun yi dafifi tunda wikend ne, layin kujerun da ke kai mutum sama kuwa ba'a magana, kana tsaye yatsun ƙafarka na daskarewa, ga wasu hanyoyin an rufe sai an gyara su.

Shagon da muka yi hayar kaya ne ya ɓata min rai gaskiya, takalmin da suka ban cikinsa a jiƙe yake, na ce a canza suka ce ya ƙare. Ku taɓa cikin takalmi kafin ku biya don Allah, kuma in da hali ku je ranar Talata ko Laraba da sassafe.