Istanbul ko Alƙahira a watan Afrilu: wanne ya fi daɗin yawo da ƙafa?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya: yana da kwana biyar a tsakiyar Afrilu, zai fita da maiɗakinsa da mahaifiyarsa, kuma so suke su taka gari da ƙafa, su ga masallatai da kasuwanni. Hajiya tana fama da ciwon gwiwa. Istanbul za su nufa ko Alƙahira?

Ɗan'uwa, Istanbul, amma sai ka tsara tafiyar yadda tudu ba zai karya Hajiya ba. Abin da ya raba garuruwan biyu a wannan watan shi ne awa nawa mutum zai iya yi a waje.

A Istanbul Afrilu lokacin fitowar furanni ne bayan sanyi. Da rana zafi bai cika wuce digiri 16 zuwa 18 ba, da dare ya sauka kusan 8, kuma rana ba ta faɗuwa sai wajen 7:45 na yamma. Ana iya fita ƙarfe tara a wuni a waje. Matsalar ita ce yayyafi da iskar teku. Wanda ya baro Kano ko Zinder cikin zafin bazara zai ji sanyin nan a ƙashinsa, musamman a jirgin ruwa. Kowa ya riƙe rigar sanyi mai tare iska, da safa, da ƙaramar laima. Takalmi kuma ya zama mai ƙasan roba mai kama ƙasa, domin duwatsun da aka shimfiɗa a tsofaffin unguwanni suna santsi da zarar sun jiƙe.

Alƙahira kuwa da rana tana kaiwa 28 ko fiye, ruwan sama kusan babu. Ga mutumin arewa wannan ba zafi ba ne. Abin tsoro shi ne iskar hamsin, wadda ke tasowa daga hamada tsakanin Maris da Mayu. Ƙurarta kamar ta hunturunmu ce, sai dai da zafi take zuwa, har ta kai gari kusan digiri 40, ta kuma yi kwana ɗaya ko biyu. Mai asma ko ciwon ido ba shi da fita a ranar. A cikin kwana biyar, rasa biyu babbar asara ce. Ko ba hamsin, yawon Alƙahira kashi biyu ne: daga takwas na safe zuwa azahar, sai kuma bayan la'asar.

Ta fuskar shimfiɗar ƙasa, Alƙahira ce ke gaba. Titin Mu'izz, daga Babul Futuh a arewa zuwa Bab Zuwaila a kudu, kusan kilomita ɗaya ne, babu hawa babu gangara, kuma da wuya a sami wani kilomita guda a duniyar Musulunci da ya tara gine-gine irin nasa. Ku fara daga arewa: ƙofar Futuh ta shekarar 1087, masallacin Alhakim na jikinta, sai ginin Sarki Ƙalawun na 1285 mai asibiti da makaranta da kabari a haɗe. Daga nan ku ratsa kasuwar Khan Khalili ku fita masallacin Husaini, ku tsallaka zuwa Azhar, wanda aka aza harsashinsa a 970. Ɗalibanmu suna da yawa a Azhar, don haka kada ka yi mamaki in ka ji Hausa a harabar. Idan ƙafa ta saura, ku bi ta unguwar Guriyya zuwa Bab Zuwaila, ku leƙa layin masu ɗinkin rumfuna da ke bayan ƙofar. Hawa hasumiyar Zuwaila na matasa ne, matakalar ƙunci gare ta, Hajiya ta zauna a ƙasa ta sha ruwan rake. Tafiyar da za a yi cikin minti ashirin ce, amma da tsaye-tsaye takan ci awa huɗu. Da dare kuma ana haska gine-ginen da fitilu, ya cancanci a koma.

Wahalar tana farawa ne da an bar wannan titi. Gefen hanya na masu tafiya a ƙasa sau da yawa motoci ko 'yan tireda sun cinye shi, dakalinsa kuma yana da tsayi, hawa da sauka kowane 'yan taku. Tsallaka babban titi sai da ƙarfin hali, don direbobi ba sa tsayawa, kaucewa kawai suke yi. Dabarar ita ce ku jira 'yan gari su taru, ku tsaya ta gefensu da ke nesa da motocin, ku tafi da taku ɗaya ba gudu ba tsayawa. Da dattijuwa mai ciwon gwiwa wannan ba wasa ba ne. Saboda haka tsakanin Mu'izz da ganuwar Salahuddin, ko masallacin Sultan Hasan da na Ibn Tulun na 879, ku ɗauki Uber. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana da arha, yana da taragun mata zalla a tsakiya, kuma tashar Mar Girgis za ta ajiye ku kusa da masallacin Amru bin As, amma bai ratsa cikin tsohon garin ba.

Istanbul akasin haka ce. Tudu ne a ko'ina, sai dai abin hawa yana bin sawun mai yawo. Ku sayi katin Istanbulkart a injin tasha, ku zuba masa kuɗi. Shi ɗaya yana aiki a taram (ƙaramin jirgin ƙasa mai bin titin gari), da jirgin ƙasa, da bas, da jirgin ruwa. Ƙa'idar kare gwiwa guda ce: a hau tudu da abin hawa, a gangaro da ƙafa sannu a hankali. Taram na layin T1 ya bi ta Aksaray, Laleli, Beyazit, Sultanahmet, Eminonu, Karakoy, har Kabatash, wato kusan duk inda baƙo ke so. Otal ɗinku ya kasance kusa da ɗaya daga cikin tashoshin nan, kuma ka tambaya ko yana da lifta, domin ƙananan otal na tsohon gari da yawa ba su da ita.

Rana ta farko ta ishe ku a unguwar Sultanahmet: Aya Sofiya, tsohon ginin da aka gama a 537, aka mayar da shi masallaci daga gidan tarihi a 2020, masallacin Sultan Ahmad da ke fuskantarta, da lambun Gulhane a gangare, inda furannin tulip ke cika fili a wannan watan. Masu salla suna shiga Aya Sofiya ba kuɗi, masu kallo 'yan waje kuma suna biya su hau bene ta wata ƙofa dabam. Fadar Topkapi a rufe take ranar Talata, Babbar Kasuwa kuma ranar Lahadi. Mutane da yawa suna ɓata rana guda a kan rashin sanin wannan.

Rana ta biyu ku sauka a Beyazit, ku ratsa kasuwa zuwa masallacin Sulaimaniyya, aikin magini Sinan da aka kammala a 1557. Farfajiyar bayansa tana kallon teku, kuma babu cunkoso irin na Sultanahmet. Daga can gangara ce zuwa kasuwar kayan ƙamshi ta Eminonu. Kada ku juya tsarin nan ku faro daga ƙasa. Haka ma hasumiyar Galata: daga Karakoy hawan yana da tsanani, amma jirgin ƙarƙashin ƙasa na Tunel, wanda ke aiki tun 1875, yana kai ku sama cikin ƙasa da minti biyu, sai ku gangaro.

Abin da Alƙahira ba ta da kamarsa shi ne jirgin ruwan haya. Daga Eminonu zuwa Uskudar kusan minti goma sha biyar, zuwa Kadikoy ashirin da 'yan kai, da kuɗin kati kawai, a zaune, ana sayar da shayi a ciki. Hutu ne ga ƙafa alhali yawo bai tsaya ba, kuma bakin ruwan Uskudar shimfiɗaɗɗe ne, da kujeru a jere. Kwalekwalen Nilu da yamma yana da daɗi, amma zagaye yake yi ya dawo da ku inda ya ɗauke ku, sai an yi ciniki kuma. Hajiya za ta so ziyarar kabarin Sahabi Abu Ayyubal Ansari a unguwar Eyub. Ku je da safe a ranar da ba Juma'a ba. Lambun Emirgan ya fi Gulhane yawan tulip, sai dai tudu ne, kuma hanyar bakin teku takan cushe Asabar da Lahadi.

Ku duba kalanda kafin yankar tikiti. A Turkiyya 23 ga Afrilu ranar hutu ce ta yara, wuraren kallo sukan cika. A Masar bikin Shammun Nasim yana faɗowa Litinin ɗin da ke bin bikin Ista na Kibɗawa, Kiristocin Masar, lambuna irin na Azhar ba masaka tsinke, kuma fasikh, kifin gishirin da ake ci ranar, ba na cikin baƙo ba ne. Masar tana tura agogo gaba da awa ɗaya a Juma'ar ƙarshe ta Afrilu, ka lura da shi in jirginku ya faɗo nan.

A kuɗi Alƙahira ta fi sauƙi nesa ba kusa ba: koshari (haɗin shinkafa da taliya), ful (dafaffen wake) da ɗa'amiyya (irin ƙosai) suna ƙosar da mutum uku da ɗan abin da bai kai kuɗin faranti ɗaya a Sultanahmet ba, ga Larabci da zai taimaki wanda ya yi Islamiyya. Ka tanadi ƙananan kuɗi na bakshish, wato ɗan ihsani, don masu tsaron takalma, da katin banki, don manyan wuraren tarihi da kati ake biyan kuɗin shiga. A Istanbul ku ci abinci a lokanta, gidajen abincin ma'aikata da ke layukan baya, inda ake nuna abin da ake so da hannu. Idan mai goge takalmi ya yar da burushinsa a gabanka, wuce abinka, tarko ne na karɓar kuɗi.

Da kai da maiɗakinka kaɗai ne, kuma aljihu ya matse, da sai a ce Alƙahira, kwana uku a tsohon gari, ɗaya a Giza wajen dalar Fir'auna, ɗaya a ajiye saboda hamsin. Tunda da Hajiya, ku tafi Istanbul, kada tafiyar ƙafa ta wuce kilomita huɗu zuwa biyar a yini, ku sa jirgin ruwa a tsakiyar kowace rana, ku kuma sayo mata sandar dogarawa mai naɗewa tun daga gida.